Amfani da Amsa-kuwwar Siginar Taurarin Ɗan'adam Wajen Auna Girman Shuka a Gona

1.0 Gabatarwa

Manomin da ya san gonarsa ba ya bukatar kowa ya faɗa masa halin da shukarsa take ciki. In ya kewaya da sassafe ya dubi launin ganye, ya ga ko ya naɗe ko ya miƙe, ya tona ƙasa da yatsa ya ji iyakar inda lema ta kai, to ya gama karatunsa. Wahalar tana ga wanda aka ɗora wa nauyin sanin halin gonakin jiha guda ko ƙasa guda, domin ba shi da ƙafar da zai kewaye su duka, kuma labarin da ke zuwa masa daga ƙauyuka yakan iso ne bayan aikin gama ya gama. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun san abin da wannan jinkiri yake jawowa. Hukumar da ta gane a watan Agusta cewa damina ta gaza tana da sauran lokacin shiri. Wadda ba ta gane ba sai a Nuwamba, lokacin da aka yi girbi rumbu bai cika ba, hatsi ya yi tsada, ana sayar da dabbobi a wulaƙance, sai dai ta yi jaje. Wannan ne dalilin da ya sa ƙasashen Sahel suka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, don lura da ruwan sama da yanayin amfanin gona.

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu yi bayanin wata hanya ta auna girman shuka da danshin ƙasa, wadda ta dogara da siginar taurarin ɗan'adam masu nuna hanya, watau irin su GPS, bayan siginar ta bugi ƙasa ta dawo. Za mu bayyana yadda abin yake aiki, da inda aka gwada shi, sa'an nan mu duba yadda zai dace da gonakinmu. Ra'ayinmu shi ne, hanyar tana da amfani ƙwarai a ƙasar da gajimare ke rufe sama a tsakiyar damina, amma awon da take bayarwa ba shi da ma'ana sai an gwama shi da awon hannu a irin gonar da za a yi aiki da shi.

Kafin mu shiga bayani, ya kamata mu daidaita kalmomi uku. Mun kira siginar da ta bugi ƙasa ta dawo "amsa-kuwwa", bisa kwatancin muryar mutum da ke dawo masa in ya yi kira a gindin dutse. Mun yi amfani da "tsawon zango" kamar yadda masu sauraron rediyo suka san shi, inda ake cewa tasha kaza tana kan gajeren zango mita 49, watau tsawon igiyar rediyo guda daga tudunta zuwa tudu na gaba. "Eriya" kuwa ita ce kan na'urar da ke kama sigina.

2.0 Taurari Masu Nuna Hanya

Amurka ce ta fara harba tauraron GPS a 1978, aka kuma bayyana cikar tsarin a 1995. Taurarin suna kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,200, kowanne yana yin zagaye biyu a kwana guda. Tarayyar Sobiyat ta fara harba nata, GLONASS, a 1982. Tarayyar Turai tana da Galileo, wanda ya soma aiki a 2016, ƙasar Sin kuma ta kammala BeiDou a 2020. In aka haɗa tsarin nan huɗu, taurarin sun haura 100.

Aikin kowane tauraro shi ne ya dinga watso sigina dare da rana, mai ɗauke da lokacin da ta baro shi da wurin da yake. Na'urar da ke ƙasa, ko ta mai safiyo ce ko wadda ke cikin wayar hannu, tana lissafa tsawon lokacin da siginar ta ɗauka a hanya. Da yake an san gudun sigina, watau kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, sai a san nisan tauraron. In na'ura ta sami nisan taurari huɗu, ta san inda take.

Abin da ya fi shafarmu shi ne irin zangon da ake amfani da shi. Babbar siginar GPS tana kan megahaz 1575, tsawon zangonta kimanin santimita 19. Akwai ta biyu a kan megahaz 1227, mai tsawon kimanin santimita 24. Igiya mai wannan tsawo tana ratsa gajimare da hazo da ƙurar hunturu ba tare da ta raunana sosai ba, ba ruwanta da dare ko rana. Har wa yau tana iya ratsa ganyen da bai yi kauri ba ta kai ƙasa, ta ɗan nutsa cikinta 'yan santimitoci.

3.0 Abin da ke Faruwa in Sigina ta Bugi Ƙasa

Siginar da tauraro ke watsowa ba kan eriya kaɗai take sauka ba. Tana sauka a kan gona da tafki da rufin ɗaki, wani kashi nata ya shige, wani ya dawo sama kamar yadda haske ke dawowa daga madubi. Saboda haka eriya tana karɓar sigina iri biyu: wadda ta zo kai tsaye, da amsa-kuwwa wadda ta biyo ta ƙasa ta iso a makare. Shekara da shekaru masu safiyo suna ɗaukar wannan amsa-kuwwa a matsayin annoba, domin tana ɓata musu awo, har aka ƙera eriyoyi na musamman don rage ta. Daga baya ne aka lura cewa abin da ake zubarwa yana ɗauke da labarin ƙasar da ya taɓa.

Abubuwa uku ne ke sarrafa ƙarfin amsa-kuwwa. Na farko shi ne ruwan da ke cikin ƙasa. Masana kimiyyar lantarki suna da ma'aunin da ke nuna yadda kowane abu yake amsa igiyar rediyo. A wannan ma'auni iska tana da 1, busasshiyar ƙasa tana tsakanin 3 da 5, ruwa kuwa yana da kusan 80. Wannan babbar tazara ita ce ginshiƙin aikin duka, domin ɗan ruwa kaɗan in ya shiga ƙasa sai ya sauya ta ƙwarai. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana mayar da sigina da ƙarfi, busasshiya kuwa sai ta bar ta ta nutse.

Na biyu shi ne shukar da ke tsaye a kan ƙasar. Ɗanyen ganye da kara galibinsu ruwa ne. Siginar da za ta kai ƙasa sai ta ratsa su, in za ta dawo kuma ta sake ratsa su, a kowace ratsawa suna shanye wani kashi, suna warwatsa wani. Gwargwadon yawan ruwan da ke jikin shuka, gwargwadon raunin amsa-kuwwa. In shuka ta yi duhu sosai, sai siginar ta daina kai wa ga ƙasa, ta riƙa dawowa daga saman ganye.

Na uku shi ne lafiyar fuskar ƙasa. Shimfiɗaɗɗen fili yana mayar da sigina waje guda kamar madubi mai kyau. Ƙasar da aka yi wa huɗa, mai kunyoyi da ɓurɓushin hoge, tana tarwatsa ta kamar fasasshen madubi.

Ya kamata a riƙe wannan tun yanzu: na'ura lamba guda take gani, alhali dalilai uku ne suka haɗu suka haifar da ita. Duk wahalar wannan fanni tana wajen raba su.

4.0 Na'urar da ake Kafawa a Gona

Hanya mafi sauƙi ita ce a kafa eriya guda a kan turke a tsakiyar gona, a tsayin kamar mita 2, a bar ta tana rubuta ƙarfin siginar da take samu. Ba ta aika kome, sauraro kawai take yi, don haka ƙaramin faifan hasken rana da batir sun ishe ta.

Wanda ya taɓa jefa duwatsu biyu a kududdufi ya ga yadda igiyoyin ruwa suke karo. Inda tudu ya haɗu da tudu sai ruwa ya ƙara tashi, inda tudu ya haɗu da kwari sai su kashe juna. Haka siginar kai tsaye da amsa-kuwwa suke yi a bakin eriya. Yayin da tauraro yake fitowa daga gefen sama yana hawa, tazarar da ke tsakanin hanyoyin biyu tana ƙaruwa a hankali, saboda haka sai su ƙarfafa juna, su raunana juna, su sake ƙarfafa juna. In aka zana ƙarfin siginar a takarda, sai a ga layi mai hawa da sauka. An fi ganin wannan lokacin da tauraro yake ƙasa-ƙasa, tsakanin digiri 5 da 25 ko 30 daga gefen sama.

Bari mu kawo misali na lissafi. Ƙarin tafiyar da amsa-kuwwa take yi daidai yake da ninki biyu na tsayin eriya, a ninka shi da abin da masu lissafi ke kira sain na kusurwar tauraro. Sain na digiri 5 shi ne 0.087, na digiri 25 kuwa 0.423, bambancinsu 0.336 ke nan. In eriya tana mita 2 daga ƙasa, ƙarin tafiyar zai ƙaru da 2 sau 2 sau 0.336, watau kimanin mita 1.34. In muka raba wannan da tsawon zango, mita 0.19, za mu sami 7. Ma'ana, a gonar da ba kome a kanta, layin zai hau ya sauka sau bakwai yayin da tauraro ya tashi daga digiri 5 zuwa 25. To a ce alkama ta girma ta yi duhu har siginar tana dawowa daga tsayin mita 1. Yanzu tazarar eriya da madubinta ta koma mita 1, hawa da saukar kuma sun koma uku da rabi. Ta ƙidaya su kawai, an san shuka ta tashi.

Daga wannan layi guda ana karanta abu uku. Yawan hawa da saukar yana nuna tsayin abin da ke mayar da siginar, watau tsayin shuka in ta yi duhu. Zurfinsu yana nuna ruwan da ke jikin shuka, domin yayin da ganye ke ƙaruwa layin yakan lafa, in shuka ta ƙosa ta fara bushewa kuma sai ya sake tashi. Gocewar layin zuwa dama ko hagu, daga yau zuwa gobe, tana nuna sauyin danshi a saman ƙasa, kimanin santimita 5 na farko.

Akwai wata fa'ida da tsarin GPS ya bayar ba da niyya ba. Kowane tauraro yakan sake bin hanyarsa ta jiya a sama, sai dai yakan riga lokacin jiya da kimanin minti huɗu. Saboda haka kullum amsa-kuwwarsa daga gefe guda na gonar take fitowa, ana iya gwada yau da jiya da makon jiya ba tare da an motsa kome ba. Ga eriya mai tsayin mita 2, wurin da siginar ke bugawa yana kama daga nisan kimanin mita 23 a digiri 5 zuwa mita 4 a digiri 25. In aka haɗa taurarin da ke fitowa ta kowace fuska, filin da ake aunawa yakan kai kimanin murabba'in mita 1,000, watau ushirin hekta. Wannan ya fi abin da sandar awon danshi da ake cusawa a ƙasa take ji nesa ba kusa ba, domin ita tafin hannu guda kawai take sani.

5.0 Inda aka Gwada

Tunanin bai faro daga gona ba. A 1993 Manuel Martín-Neira, na Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Turai, ya ba da shawarar a yi amfani da amsa-kuwwar GPS wajen auna tsayin fuskar teku. Shigowar abin cikin harkar ƙasa da tsirrai ya samo ƙarfi ne daga Jami'ar Kolorado a Amurka. A yammacin ƙasar akwai tashoshin GPS kimanin 1,100 da aka kafa don lura da motsin ɓawon duniya saboda girgizar ƙasa. A 2008 Kristine Larson da abokan aikinta suka nuna cewa bayanan irin waɗannan tashoshi suna bin sawun danshin ƙasa, suna tashi bayan ruwa, suna sauka yayin da ƙasa ke bushewa. A 2010 Eric Small da Larson da John Braun suka nuna cewa haka nan suna bin girman tsirrai. A 2014 kuma aka fitar da ma'auni na musamman don ruwan da ke jikin ciyawa, aka gwada shi a makiyayan jihar Montana. Ba a ƙara wa tashoshin nan ko ƙusa guda ba, tsofaffin bayanansu aka sake karantawa da sabon ido.

A Turai an kai gwajin cikin gonakin hatsi. Masu bincike na Jami'ar Fasaha ta Kataloniya da ke Basalona sun kafa na'urori a gonakin alkama da sha'ir da masara a ƙasar Sifen, suka bi tsayin shukar ta karon igiyoyi. A Faransa, Sibo Zhang da abokan aikinsa sun buga sakamakon wani gwaji a 2017, wanda aka yi a gonar alkama kusa da birnin Tulus. Abin da suka samu darasi ne a gare mu: muddin alkama tana gajeriya ana iya karanta danshin ƙasa, da zarar ta tashi ta rufe ƙasa kuwa sai danshin ya ɓace, tsayin alkamar ya bayyana. Watau na'urar takan ba da ɗaya daga cikin biyun ne, gwargwadon lokacin shekara.

6.0 Aunawa daga Sama

Eriyar da ke kan turke gona guda take gani. Don a ga ƙasa baki ɗaya sai a ɗora na'urar sauraron a kan wani ƙaramin tauraro da ke kewaye kusa da duniya, eriyarsa na kallon ƙasa. A nan ana cin moriyar wata ɗabi'a ta siginar. Takan sauko a murɗe ta hannun dama, kamar igiyar da aka tufka, in ta bugi ƙasa kuwa galibinta yakan juye ya koma murɗin hagu. Eriyar da aka ƙera don murɗin hagu sai ta tsinci amsa-kuwwa ita kaɗai.

Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko an yi shi ne da tauraron Ingila mai suna UK-DMC, wanda aka harba a watan Satumba 2003 daga Rasha. Abin sha'awa, roka guda ce ta ɗauke shi tare da NigeriaSat-1, tauraron Nijeriya na farko, kuma kamfani guda ne a Ingila ya ƙera su. A 2014 aka harba TechDemoSat-1 da ingantacciyar na'ura. A watan Disamba 2016 hukumar NASA ta harba ƙananan taurari takwas da ake kira CYGNSS, a nisan kilomita 500 da 'yan kai, don auna iskar da ke cikin guguwar teku. An tsara hanyarsu ta yadda za su riƙa ganin yankin da ke tsakanin digiri 38 arewa da 38 kudu. Kano tana kan digiri 12, Maraɗi da Damagaram suna tsakanin 13 da 14, don haka ƙasar Hausa duka ta faɗa cikin abin da suka auna. Tun a 2018 Clara Chew da Eric Small suka nuna cewa bayanan da taurarin ke tattarawa a kan tudu suna nuna danshin ƙasa.

Sai dai awon sama ba shi da kaifin ido. Kowace lamba da ya bayar ta fili ce mai faɗin kilomitoci, wanda a wajenmu zai haɗa gonaki ɗaruruwa da fadama da gari da makiyaya. Zai iya faɗin cewa gunduma kaza ta bushe, ba zai iya faɗin halin gonar mutum guda ba.

7.0 Dacewar Hanyar da Gonakinmu

Tun da aka harba Landsat a 1972, babbar hanyar lura da amfanin gona daga sama ita ce hoto, inda ake auna koren ganye da hasken rana. Hanya ce mai kyau, amma tana bukatar sama garau. Tauraron Landsat guda yakan dawo kan wuri bayan kwana 16, tagwayen Sentinel-2 na Turai kuwa bayan kwana 5. A lokacin marka, sa'ad da gero ya fid da kai, dawa take shirin yin ciki, ana iya jera zuwa da yawa ba a sami hoto ko ɗaya mai amfani ba saboda gajimare. Lokacin da aka fi bukatar labari shi ne lokacin da ido yake rufe. A nan ne amsa-kuwwa take da fifiko, tun da gajimare bai tare ta ba. Bugu da ƙari, hoto launi yake gani, ita kuwa ruwa take ji, shuka kuma takan fara rasa ruwa kafin launinta ya sauya.

Amma wajibi ne mu faɗi matsalolin, domin gonakin da aka yi gwaje-gwajen da muka ambata ba irin namu ba ne.

Na ɗaya, can iri guda ake shukawa a fili mai faɗi, kansa ɗaya kamar an aske. Manominmu kuwa yakan haɗa gero da dawa da wake a gona guda. Gero yakan riga tashi a girbe shi, dawa ta ci gaba, wake yana yaɗo a ƙasa. Babu fuska guda da sigina za ta dawo daga kanta, saboda haka ƙidayar da muka yi a sashe na huɗu za ta rikice.

Na biyu, dawarmu ta gargajiya, irin su farafara da kaura, takan kai mita 3 har ta wuce. Eriyar mita 2 za ta nutse a cikinta tun kafin ta fid da kai. Dole a ɗaga turken sosai, in an ɗaga shi kuwa filin da yake gani zai faɗaɗa ya shiga gonar maƙwabci.

Na uku, muna noma a kan kunya. Kunyar da aka tayar da garma a farkon damina ba ita ce ta watan Satumba ba, ruwa ya zaizaye ta, an yi noma, an yi maimai, wani ya sake huɗa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai sauya amsa-kuwwa ko da shuka ba ta ƙara ko taƙi guda ba. Haka kuma ƙarfinta zai bambanta tsakanin tauraron da ya fito a tsawon kunya da wanda ya fito a gicciye.

Na huɗu, gonakinmu suna da itatuwa, kuka da ɗorawa da gawo da kaɗanya, waɗanda ke tare siginar da ke zuwa ƙasa-ƙasa, alhali ita ce ake bukata.

Na biyar, na'ura ba ta san hatsi ba, ba ta san ciyawa ba. Gonar da aka bari ciyawa ta ci za ta iya nuna ruwan ganye fiye da wadda aka nome tsaf. Raɓar asuba da ruwan da ya maƙale a ganye bayan an ɗauke ruwan sama su ma za su shiga lissafi in ba a tace su ba.

Na shida, ƙasarmu tana kusa da tsakiyar maganaɗisun duniya, inda saman iska yakan hargitse bayan faɗuwar rana ya sa siginar GPS rawa. Awon da aka ɗauka tsakanin magariba da tsakar dare yana bukatar taka-tsantsan.

8.0 Shawarwari

Ba ɗaya daga cikin matsalolin nan da ke hana aiki, amma dukkansu suna nuna abu guda, watau ba za a ɗauko lissafin da aka gina a kan alkamar Faransa a ɗora wa geron Gumel ba. Sai an yi awon gwami a nan gida. Wannan aiki ne na haƙuri fiye da na kuɗi, kuma a ganinmu kwalejojin ilmi da ke da sashen aikin gona da na kimiyya da gonar gwaji suna da abin da ake bukata. Ga shawarwarinmu.

Da farko, a fara da inda ya fi sauƙi. Gonakin noman rani na Kadawa, waɗanda ke shan ruwa daga madatsar Tiga, suna da alkama iri guda a shimfiɗaɗɗen fili, tsayinta bai wuce mita guda ba, an kuma san ranar da aka yi ban ruwa. In hanyar ta tabbata a irin wannan wuri, sai a matsa zuwa gonar gero zalla, daga nan a shiga ta haɗaka.

Na biyu, kowace eriya ta kasance da littafinta. Sau ɗaya a mako ɗalibai su auna tsayin shuka da sanda, su yanki shukar murabba'in mita guda su auna nauyinta ɗanya, su busar da ita su sake aunawa, bambancin shi ne ruwan jikinta. Haka za a yi wa ƙasa. A rubuta ranar shuka da noma da huɗa da zuba taki da kowane ruwan sama. In babu wannan littafi, layin da na'ura ta zana zane ne kawai.

Na uku, a duba tashoshin GPS na dindindin da Ofishin Babban Mai Safiyo na Tarayya ya fara kafawa a 2008, waɗanda suka haɗa da na Zariya da Birnin Kebbi da Yola da Toro. Don safiyo aka yi su, kuma eriyar da aka ɗora a kan gini rufi take gani. Amma duk wadda ke kallon buɗaɗɗen fili, tsofaffin bayananta sun cancanci a sake karanta su. Tashoshin da za a kafa nan gaba kuwa, ya kyautu a zaɓar musu wurin da za su yi aiki biyu.

Na huɗu, malaman kimiyya su shigar da misalin cikin darasi. Ɗalibin da ke koyon karon igiyoyi da sain na kusurwa a kan allo ba tare da ya san amfaninsu ba, zai ga su biyun suna auna masarar da ya shuka da hannunsa.

Na biyar, kada a manta da manomi da malamin gona. Manomin da aka kafa turke a gonarsa shi ne zai san ranar da tsutsa ta sauka ko ƙuduji ya fito, kuma shi ne zai tsare na'urar in ya san abin da take yi. A yi masa bayani da harshensa, a kuma komo masa da sakamakon.

9.0 Kammalawa

A wannan takarda mun yi ƙoƙarin nuna cewa siginar da taurari masu nuna hanya ke watsowa kyauta, in ta bugi gona ta dawo, tana ɗauke da labarin danshin ƙasa da tsayin shuka da ruwan da ke jikinta. Mun ga cewa eriyar da ke kan turke tana auna kimanin ushirin hekta kowace rana, ta sama kuwa tana auna gunduma, kuma gajimare ba ya hana ko ɗaya daga cikinsu aiki. Mun kuma ga cewa haɗakar shuka da tsayin dawa da kunya da itatuwa sun sa ba za mu ari ma'aunin wasu mu yafa ba.

Siginar tana sauka a gonakinmu tun kafin a haifi yawancin ɗalibanmu, tana kuma komawa sama da labarinsu. Abin da ya rage shi ne a sami masu turke da sanda da sikeli da littafi, waɗanda za su zauna damina uku ko huɗu suna gwama abin da na'ura ta ji da abin da ido ya gani. Muna fata mahalarta wannan taro, musamman 'yan'uwanmu malaman kimiyya da na aikin gona, za su gyara mana inda muka yi kuskure, su kuma taimaka wajen daidaita kalmomin da muka ƙirƙiro, domin ilmin ya isa ga waɗanda gonakin suke hannunsu.